Yadda ake auna kaurin tsinkakken haɗin folima da biskomitar Ubbelohde

Ɗalibin da aka ba aikin kammala digiri a kan folima a nan Samaru, ko a sashen kimiyyar sinadarai yake ko a sashen folima da masaƙa, da wuya ya tsallake wannan awon. Dalilin kuwa arha ne. Da bututun gilashi ɗaya da ake kira biskomita, da agogo, da ruwa mai tsayayyen zafi, za ka ƙiyasta nauyin sarƙar folima, ka kuma gane ko ruwan da ka narkar da ita a ciki ya dace da ita ko bai dace ba. Sai dai aikin duka ya rataya ne a kan ɗan bambancin da ke tsakanin lokuta biyu: lokacin da ruwa zalla ke ɗauka kafin ya gangara, da lokacin da haɗin folima ke ɗauka. Wani lokaci bambancin bai wuce sakan 40 ba. Duk abin da ya taɓa waɗannan sakan ɗin, ƙura ce ko zafi ko kuskuren awon gari, zai fito a sakamako ya ninka kansa.

Za mu bi aikin da folimar PVA, wato folibinil alkohol, a cikin ruwa, don ita ce ta fi sauƙi ga mai koyo kuma ba ta da haɗari. Daga baya za mu zo kan ƙaro da folistairin, waɗanda kowannensu ke da nasa hali.

Kayan aiki

- Biskomitar Ubbelohde mai bututu uku. In da hali a samu mai babban tulu a ƙasa, wadda ake iya ƙara ruwa a tsinka haɗi a cikinta. Ga ruwa a digiri 25, lamba 0B tana ba da wajen sakan 180, 0C kuma wajen sakan 300. Lamba 1 tana sauri da yawa, ba ta kai sakan 100 ba.
- Tankin ruwa na gilashi mai hita da abin juyawa, zurfinsa ya isa ya rufe tulun awo gaba ɗaya.
- Ma'aunin zafi mai nuna kashi 0.1 na digiri ko ƙasa da haka.
- Agogon awo mai nuna kashi 0.01 na sakan. Na waya ma yana yi, amma mai maɓalli ya fi, don yatsa yana jin dannawa ba sai ido ya bar gilashi ba.
- Sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo.
- Filas ɗin awo na mL 100, fifet na mL 2, 5 da 10, bika, da robar zuƙa.
- Sirinji da matacin sirinji mai kafa 0.45 maikromita. Na nailan ko na selulos asitet ga ruwa, na PTFE ga toluwin.
- Ruwan distil, asiton na wanki, da garin PVA.
- Zare da ɗan ƙarfe a ƙarshensa, irin na magina, don tsayar da biskomita sak.

Ruwan leda ba ya maye gurbin ruwan distil, domin akwai gishiri a cikinsa. In injin distil na lab ɗinku ya tsaya, a nemo daga wani sashe, a kuma auna da mitar kondoktibiti kafin a yarda da shi. Haka ma ruwan batir na kasuwa, kada a amince da abin da aka rubuta a jikin jarka sai an auna.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa gilashi

Sarƙar folima a cikin ruwa ba a miƙe take ba. A dunƙule take kamar curin zaren da ba a ɗaure sosai ba, ruwa ya shige tsakaninsa. In ruwan narkarwar ya dace da ita, curin zai buɗe ya kumbura, ya tare wa ruwa hanya, kauri ya ƙaru. In bai dace ba, sassan sarƙar za su fi son taɓa junansu, curin ya tsuke, kauri ya ragu. Wannan girman curin shi muke nema.

Bisa dokar Poiseuille, lokacin da ruwa ke ɗauka ya bi ta siririn bututun nan da ake kira kafilari yana tafiya daidai da kaurinsa, muddin nauyin ruwan bai canja ba. Don haka daga t₀, lokacin ruwa zalla, da t, lokacin haɗi, da c, ƙarfin haɗi a gram cikin kowane dL, wato mL 100, ake fitar da waɗannan:

- kaurin kwatance: ηr = t / t₀
- ƙarin kauri: ηsp = ηr − 1
- ƙarin kauri bisa ƙarfin haɗi: ηsp / c
- na logaritim: (ln ηr) / c

Abin da ake fata shi ne kaurin asali, [η], wato ƙimar ηsp/c a lokacin da c ya koma sifili, inda kowace sarƙa take ita kaɗai ba ta gogar maƙwabciyarta. Ba a iya auna shi kai tsaye. Sai dai a auna haɗi huɗu ko biyar, a ja layi a girafi, a miƙa shi zuwa sifili.

Mataki na 1: Wanke biskomita

Rabin matsalolin da ake samu daga nan suke farawa. Ka zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa, ka zuƙo shi ta cikin kafilari sau da yawa, ka ɗauraye da ruwan distil aƙalla sau biyar, sannan da asiton da aka tace. Ka kife ta ta bushe, ko ka ja iska ta ciki da famfo. In wanda ya riga ka amfani da ita ya bar folima ta bushe a ciki, ka cika ta da ruwan da ke narkar da wannan folimar ta kwana. Kada ka fara da asiton a kan ragowar PVA, domin asiton daskarar da ita yake ta manne a jikin gilashi.

Abu uku ba a yi: ba a zura waya ko allura a kafilari, ba a wanke shi da soda mai ƙarfi don tana cin gilashi, ba a kuma gasa shi a tanda mai zafi sosai. Tsoffin lab sun saba da asid ɗin kiromik. Yana wankewa ƙwarai, amma guba ne mai jawo sankara, mai koyo bai kamata ya taɓa shi ba sai ma'aikacin lab yana tsaye.

Alamar tsabta ita ce ruwa ya sauka a jikin gilashi sumul bai bar ɗigo-ɗigo ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka rufe bakin bututun uku da takardar alminiyom duk lokacin da ba ka aiki. Ƙurar da ke shigowa ta tagar lab a wannan lokacin ta isa ta ƙara maka sakan biyu ba ka ga komai da ido ba.

Mataki na 2: Haɗa uwar haɗi

PVA tana shan laima daga iska, musamman da damina. In ka auna gram 0.8 na garin da ya kwana a buɗe, wani kaso nasa ruwa ne, c ɗinka kuwa ya zama ƙarya tun daga tushe. Ka busar da garin a tanda wajen digiri 60 har nauyinsa ya daina raguwa, ka huce shi a desiketa.

Ka auna kusan gram 0.8, ka rubuta ainihin abin da sikeli ya nuna har lamba huɗu. Ka zuba ruwan distil mai sanyi wajen mL 70 a bika, ka riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan kana juyawa. In ka juye shi gaba ɗaya, ko ka zuba a ruwan zafi, zai yi gudaji: waje ya jiƙe ya yi santsi, ciki ya tsaya busasshe, kuma irin wannan gudajin yana iya kai awanni bai narke ba. Ka bar shi ya jiƙa kamar minti 30, sannan ka ɗora a wuta ka kai shi digiri 85 zuwa 90, kana juyawa a hankali, bikar a rufe, har ya zama garau. PVA mai lambar haidirolisis kashi 98 zuwa 99 sai da wannan zafin take narkewa. Mai kashi 87 zuwa 89 ta fi sauƙi, amma ta fi kumfa. Ka duba jikin kwalba ka rubuta wadda ke hannunka, za ka bukaci sanin haka a wajen lissafi.

In ya huce, ka juye a filas na mL 100, ka ɗauraye bikar sau uku kana zubawa a ciki, ka cika zuwa alama a zafin da za ka yi awo. Ka gauraya ta hanyar kifawa da miƙewa a hankali. Ba a girgizawa, don kumfar PVA tana daɗewa ba ta kwanta ba. Ba a kuma sa folima a bilenda ko a injin juyawa mai gudu, domin dogayen sarƙoƙi suna tsinkewa.

Ka tace haɗin da matacin sirinji, ka zubar da mL biyu na farko. Ruwan distil ɗin ma a tace shi da irin wannan matacin. In babu matacin sirinji, mazurarin gilashi mai kafofi shi ne madadi. Auduga da takardar tacewa su ne zaɓi na ƙarshe, saboda suna sakin zare, kuma zare ɗaya a kafilari ya ishe ka wahalar yini. Haɗin PVA ba ya son ajiya, sarƙoƙinsa suna fara haɗuwa da juna in ya daɗe. A yi awo a ranar, ko washegari.

Mataki na 3: Tsayar da zafi

Kaurin ruwa a digiri 25 shi ne 0.890 mPa·s, a digiri 30 kuma 0.797. Wato kowane digiri ɗaya yana rage kauri da sama da kashi 2 cikin ɗari. A ce haɗinka mafi tsinkewa yana ɗaukar sakan 222, ruwa zalla kuma 180. Bambancin sakan 42 ne. In zafi ya motsa da kashi 0.1 na digiri tsakanin awon biyu, ka yi asarar kusan rabin sakan, kuskuren kashi 1 cikin ɗari ke nan a ηsp. In ya motsa da digiri guda, kuskuren ya haura kashi 10. Shi ya sa awon da aka yi a kan tebur da zafin ɗaki, t₀ da safe, sauran da azahar, ba ya da amfani ko kaɗan.

A Zariya sai an yi la'akari da lokacin shekara. Da hunturu ɗaki yakan yi sanyi ƙasa da digiri 25, hita kaɗai ta isa. Da bazara, a Maris da Afrilu, ɗakin kansa yana wuce digiri 30, tankin da ba shi da na'urar sanyaya ba zai tsaya a 25 ba. Hanya biyu ce. Ko dai ka riƙa jefa ƙananan gutsattsarin ƙanƙara kana juyawa, wanda ke bukatar mutum na biyu ya tsaya a kan ma'aunin zafi, ko kuma ka zaɓi digiri 30 ko 35 ka yi aikinka da sassafe. Ni na fi son ta biyu, da sharaɗi ɗaya: ka tabbatar akwai lambobin K da a na folimarka, waɗanda ake lissafa nauyin sarƙa da su a Mataki na 6, a wannan zafin kafin ka fara.

In babu tankin lab, tankin kifi na gilashi da hitarsa da ɗan famfon juya ruwa suna aiki. Ruwan ya yi yawa, lita 15 zuwa 20, domin ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ruwan zafi a filas ɗin shayi zai riƙe maka zafin, cokali-cokali, kana juyawa da hannu.

Ka ɗaure biskomita a tsaye sak, ka duba da zaren magina ta gaba da ta gefe. Ruwan tanki ya rufe alamar sama da aƙalla santimita biyu. Kwalbar ruwan da za ka riƙa tsinkawa da shi ita ma ta zauna a cikin tankin.

Mataki na 4: Auna t₀

Bututun uku kowanne da aikinsa: mai faɗi na zuba ruwa, na tsakiya mai tulun awo da kafilari, da siriri na shigar iska wanda ya haɗu da ƙasan kafilari.

1. Zuba tataccen ruwan distil ta bututu mai faɗi, wajen mL 10 zuwa 15 gwargwadon girman biskomitar. Ruwan kada ya kai ya toshe bakin bututun iska.
2. Jira minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita.
3. Toshe bututun iska da yatsa, ka zuƙa ta bututun tsakiya da robar zuƙa a hankali, har ruwa ya wuce alamar sama ya kai tsakiyar ɗan tulun da ke bisanta.
4. Cire robar, ka ɗauke yatsa daga bututun iska ka mayar da shi kan bututun tsakiya. Za ka ga ruwan da ke ƙasan kafilari ya yanke ya faɗa ƙasa.
5. Ɗauke yatsa. Idonka daidai da alama, ka danna agogo lokacin da ƙasan lanƙwasar ruwa ya taɓa alamar sama, ka tsayar lokacin da ya taɓa ta ƙasa.

Wannan yankewar ruwan ita ce fifikon Ubbelohde: tsayin da ke tura ruwa bai dogara da yawan abin da ka zuba ba. Ka maimaita har awo uku a jere su yi daidai da juna cikin kashi 0.2 na sakan, ka ɗauki matsakaicinsu. In lokaci yana ta hawa ko sauka a hankali, zafi ne bai zauna ba. In yana tsalle, yau 180 anjima 183, ƙura ce ko kumfa, sai a zubar a sake wankewa. In t₀ bai kai sakan 100 ba, kafilarin ya yi faɗi, ruwan yana fita da gudun da dokar Poiseuille ba ta ƙidaya ba, sai a canja zuwa mafi siriri.

Wanda biskomitar Ostwald mai bututu biyu kawai yake da ita zai iya aiki da ita, amma dole kowane zubi ya zama daidai da na baya, da fifet ɗaya, misali mL 10 cif. Ba a tsinkawa a cikinta. Kowane haɗi a filas ɗinsa ake haɗa shi, a wanke biskomitar a busar tsakanin kowane awo, kuma karkacewa kaɗan tana yi mata illa fiye da Ubbelohde.

Mataki na 5: Auna haɗin, kana tsinkawa

Zubar da ruwan, ka busar da biskomita, ka zuba mL 10.0 na uwar haɗi da fifet. Yanzu yawan zubi ya zama da muhimmanci, don da shi za ka lissafa c na gaba. Ka jira zafi, ka auna kamar yadda ka yi wa ruwa. Ka zuƙa a hankali fiye da da, saboda kumfa.

Kafin ka ci gaba, ka raba t da t₀. Ana so ηr na dukan haɗe-haɗen ya faɗa tsakanin 1.2 da 2.0. Sama da 2, sarƙoƙi sun fara shiga juna, layin zai lanƙwashe. Ƙasa da 1.2, bambancin lokacin ya yi ƙanƙanta, kuskuren yatsa ya rinjaye shi. In na farko ya wuce 2, ka tsinka uwar haɗin tukuna.

Sai ka ƙara ruwa mL 2, ka auna. Ka ƙara 3, sannan 5, sannan 10. Jimillar za ta zama mL 12, 15, 20 da 30. Bayan kowane ƙari, ka toshe bututun iska ka hura iska kaɗan da robar ta bututun tsakiya don ya gauraya, sannan ka zuƙo haɗin zuwa tulun awo ka sake shi sau uku kafin ka danna agogo. Masu koyo da yawa suna tsallake wannan, sai awon farko ya fito da tsawo saboda ragowar haɗi mai kauri da ke jikin kafilari.

Da ka gama, nan take ka wanke, ka sake auna t₀. In bai dawo yadda yake da farko ba, wani abu ya maƙale a tsakiyar aiki, kuma lambobinka abin tuhuma ne.

Mataki na 6: Lissafi da girafi

Ga lambobin misali don ka bi da kalkuleta, da t₀ = 180.0:

| c, g/dL | t, sakan | ηr | ηsp/c | (ln ηr)/c |
|---|---|---|---|---|
| 0.800 | 324.7 | 1.804 | 1.005 | 0.737 |
| 0.667 | 296.5 | 1.647 | 0.971 | 0.749 |
| 0.533 | 269.9 | 1.499 | 0.936 | 0.760 |
| 0.400 | 245.0 | 1.361 | 0.903 | 0.771 |
| 0.267 | 221.7 | 1.232 | 0.869 | 0.781 |

Ka sa c a sandar kwance, ka zana layi biyu a girafi ɗaya. Na ηsp/c shi ne layin Huggins, wanda ya fitar a 1942: ηsp/c = [η] + kH[η]²c. Na (ln ηr)/c shi ne layin Kraemer na 1938: (ln ηr)/c = [η] − kK[η]²c. Na farko yana hawa, na biyu yana sauka, kuma in aiki ya yi kyau za su haɗu a wuri ɗaya a sandar tsaye. A misalin nan duka biyun sun yanke a 0.80, don haka [η] = 0.80 dL/g. Gangaren layin Huggins 0.255 ne, a raba da [η]², wato 0.64, kH ya zama 0.40. Na Kraemer ya ba da kK wajen 0.13. Jimillarsu ya kamata ta kusanci 0.5, ta kuwa kusanta.

Excel zai ja maka layin ya ba ka R², amma kada lambar ta ruɗe ka. In ka yi kuskure a awon gari, duka ɗigon biyar za su kauce tare, layi ya fito a miƙe tsaf, [η] kuwa ba daidai ba.

Daga nan sai nauyin sarƙa, da dokar Mark, Houwink da Sakurada: [η] = K·M^a, inda M shi ne nauyin sarƙa. Ga PVA a ruwa a digiri 25, lambobin Flory da Leutner da aka saba amfani da su su ne K = 2.0 × 10⁻⁴ dL/g da a = 0.76. Raba 0.80 da K, ka samu 4000. Logaritim ɗinsa na ln 8.294, a raba da 0.76 ya ba da 10.91, wato ln M, don haka M ya fito wajen 55,000. Wannan matsakaici ne irin na kauri, ana rubuta shi Mv, domin sarƙoƙin da ke cikin garin ba tsayinsu ɗaya ba.

Hattara da ma'auni. Wasu teburan suna ba da K a mL/g, wasu a dL/g, kuma dL/g ɗaya daidai yake da mL/g 100. In ka cuɗa su, da a = 0.76, amsarka za ta kauce da ninki sama da 400. K da a kuma na folima ɗaya ne, a ruwan narkarwa ɗaya, a zafi ɗaya. Ba a aro na digiri 25 a sa wa awon digiri 35, ba a aro na wata folima don sunansu ya yi kama. In ba ka samu lambobin da suka dace ba, ka tsaya a [η] da kH, su ma sakamako ne cikakke.

In samfurin kaɗan ne, ba zai isa haɗi biyar ba, akwai lissafin Solomon da Ciuta na awo ɗaya: [η] = √(2(ηsp − ln ηr)) / c. A layin c = 0.400 na sama yana ba da 0.81. Yana da kyau wajen kwatanta samfura da yawa na folima ɗaya, amma ba ya ba da kH.

Abin da lambobin ke faɗa game da folima da ruwan narkarwa

A ruwan da ya dace sosai, [η] yana da girma, kH yana tsakanin 0.3 da 0.4, lambar a kuma tana tsakanin 0.7 da 0.8 ga sarƙa mai lanƙwasuwa. In dacewar ta ragu, [η] yana sauka, kH yana hawa zuwa 0.5 ko sama. Akwai wani matsayi da Paul Flory, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, ya kira yanayin tita, inda jan da sassan sarƙa ke yi wa juna ya soke turewar da suke yi wa juna daidai wa daida. A nan a = 0.5. In aka gangara ƙasa da shi kaɗan, folima za ta fara fita daga ruwa, haɗi ya yi hazo. In kH ya haura 1, yawanci sarƙoƙi ne suka manne wa juna, ko narkewa ba ta kammala ba. In lambar a ta wuce 0.8, sarƙar ce mai tauri.

Hanya mafi kyau ta ganin wannan da idonka ita ce folistairin ɗaya a ruwa biyu. Toluwin ya dace da ita ƙwarai. Saiklohekzen kuwa yana yanayin tita da ita a digiri 34.5. Ga sarƙa mai nauyin wajen 200,000, [η] a toluwin yana kusan ninka na saiklohekzen sau biyu, alhali folimar ɗaya ce. In ka raba na toluwin da na tita ka ɗauki tushe na uku, ka samu yawan kumburar curin, wanda ake rubutawa α.

In babu folistairin ta lab, farin soson da ake naɗe firij da talabijin da shi folistairin ce. Ka narkar da shi a toluwin, ka ɗiga a hankali cikin metanol mai yawa kana juyawa, ka tace farin abin da ya fito, ka busar sosai. Ka yi haka sau biyu don a rabu da abubuwan da masana'anta suka ƙara. Haɗin saiklohekzen a narkar da shi wajen digiri 40 zuwa 45, kuma filas, fifet, sirinji da biskomita duk su kasance da ɗumi, in ba haka ba folimar za ta fito a cikin kafilari, musamman da sanyin safiyar hunturu. Toluwin da saiklohekzen duka suna kama wuta, tururinsu kuma yana cutarwa. Ba a zuƙa da baki, ba a aiki kusa da wuta, a buɗe tagogi ko a yi a akwatin jan hayaƙi, a kuma rufe bakin bututu tsakanin awo don kada ruwan ya tashi c ya ƙaru.

In saiklohekzen ya gagara, ka riƙa ƙara metanol kaɗan-kaɗan a toluwin, kashi 5, 10, 15 cikin ɗari, ka ga [η] yana sauka. Kowane gauraye da nasa t₀, kuma da shi ake tsinkawa.

Ƙaro da sauran folima masu caji

Ɗalibai da yawa a nan suna zaɓar ƙaro, don namu ne, daga Jigawa, Yobe da Borno ake kawo shi. Amma ƙaro yana da halin da ke rikita mai koyo. In ka narkar da shi a ruwan distil ka bi matakan sama, ηsp/c zai riƙa hawa yayin da kake tsinkawa, maimakon ya sauka. Ba kuskurenka ba ne. Sarƙar ƙaro tana ɗauke da asid ɗin gulukuronik mai caji. In ruwa ya yi yawa, kalsiyam, magniziyam da fotasiyam da ke rufe cajin suna watsewa nesa, cajin ya riƙa ture juna, curin ya buɗe. Maganinsa gishiri. Ka haɗa NaCl mola 1, wato gram 58.44 a lita, ka auna t₀ da shi, ka narkar da shi, ka kuma tsinka da shi. Layin zai miƙe. Haka folimomin CMC (kaboksimetil selulos), aljinet da kaitosan suke, duk sai da gishiri.

Ƙaron kasuwa, irin wanda masu wankin hula da masu haɗa tawada ke saye a Sabon Gari ko cikin birni, galibi gauraye ne na itatuwa daban-daban. In bincikenka a kan ƙaron ɗakwara ne, sai ka san inda aka ɗebo shi. Ka tsince ɓawo da yashi, ka daka, ka jiƙa a ruwa mai sanyi ya kwana, ka tace da kyalle mai laushi, ka juya a sentirifuj in akwai, sannan matacin sirinji. Tunda wani kaso bai narke ba, nauyin da ka auna da farko ba shi ne c ba. Ka ɗebi mL 10 na tataccen haɗin kafin ka sa gishiri, ka busar a digiri 105 har nauyi ya tsaya, daga nan ka lissafa ainihin c. Sai ka auna gishirin da zai kai haɗin mola 1 ka zuba a filas kafin ka cika zuwa alama.

Ƙaro sarƙa ce mai rassa da yawa, a dunƙule take, shi ya sa kaurin asalinta ƙarami ne, wajen 0.15 zuwa 0.2 dL/g. Don ηr ya kai 1.2 zuwa 2.0 sai ka yi aiki da gram 1 zuwa 4 a dL. A wannan ƙarfin nauyin haɗin ya ɗara na ruwan gishiri, don haka t/t₀ kaɗai bai isa ba. Ka auna nauyin kowane haɗi da kwalbar fiknomita a zafin tanki, ka yi amfani da ηr = (ρ·t) / (ρ₀·t₀), inda ρ shi ne nauyin kowane mL na haɗin, ρ₀ kuma na ruwan gishiri. Kuma haɗin ƙaro yana saurin tsami da zafin bazara. In dole ya kwana, a sa shi a firij, washegari a bar shi ya dawo zafin tanki, a sake tacewa kafin a zuba a biskomita.